BITAMIN: NA CIKIN TUKUNYA DA NA CIKIN KWALBA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, duk wanda ke cin kasuwa ya san masu tallar magani. Wani na ɗauke da faranti bisa kai, wani ya baza bisa tabarma, wani bisa keke. Cikin kayansu akwai ƙwayoyi ja da kore da ɗorawa, suna cewa bitamin ne. Suna cewa yana ƙara jini, yana ƙara ƙarhi, yana sa ƙiba, yana hana tsufa. Mutane da yawa suna zuba kuɗin guminsu a nan.

Ga kuma ma'aikatan lahiya. Su ma suna zuwa garuruwa da wasu ƴan ƙwayoyi, suna matsa wa yara ƙanana a baki. Su ma bitamin suke cewa. A wurin awon ciki ana ba mata wasu ƙwayoyi su sha kullum. To, duka ɗaya ne? Wane ke da amfani? Wane ne ɓarnar kuɗi? Akwai wanda ke cutarwa?

Ga amsa a taƙaice. Ƙwayar bitamin tana da amfani ƙwarai ga jikin da ya rasa shi. Tana tsare idon yaro, tana tsare ransa. Amma ga jikin da bai rasa ba, ba ta ƙara komi. Wani lokaci ma ɓarna take yi. Bari mu bi zancen daki-daki.

MINE NE BITAMIN?

Tuwo da hura suna ba mu ƙarhin aiki. Wake da nama da kihi da nono suna gina jiki. Bayan waɗannan, jiki yana bukatar wasu abubuwa ƴan kaɗan ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, kuma ba su cika ciki. Su ne bitamin. Kamar gishiri suke cikin miya: kaɗan ake sawa, amma in babu shi miya ta lalace. Mutum yana iya ƙoshi kullum da tuwo, amma jikinsa na jin yunwar bitamin bai sani ba.

A da, matuƙan jiragen ruwa na Turai suna yin wata da watanni bisa teku ba ɗanyen abinci. Sai wata cuta ta kama su: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, miki ya ƙi warkewa. Dubbai sun mutu haka. A shekara ta 1747 wani lokotoron jirgin ruwan Ingila mai suna James Lind ya ɗauki marasa lahiya 12, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da ya ba lemun zaƙi da lemun tsami su ne suka miƙe cikin ƴan kwanaki. Lind bai san abin da ke cikin lemu ba. Yau mun sani: bitamin C ne. Sunan bitamin kuwa, wani masani ɗan ƙasar Polan, Casimir Funk, shi ya raɗa shi a 1912.

Bitamin iri 13 ne. An ba su sunayen baƙaƙe. Ga manya daga ciki:

Bitamin A: yana tsare ido da fata, yana taimakon jiki ya yaƙi cuta.
Bitamin B: su da yawa ne. Suna taimakon jiki ya ci moriyar abinci, suna taimakon jini da jijiyoyi.
Bitamin C: yana ƙarfafa dasashi, yana sa miki ya warke.
Bitamin D: yana ƙarfafa ƙashi. Fatar mutum tana yin shi da kanta in hasken rana ya taɓa ta.
Bitamin E: yana cikin mai da gujiya da riɗi.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe. Bitamin C da yawancin bitamin B suna narkewa cikin ruwa. In sun yi yawa, jiki ya zubar da su cikin hitsari. Amma A da D da E cikin mai suke narkewa. Jiki yana ajiye su, ba ya zubarwa da sauri. Ajiyar nan alheri ce in an sha daidai. In an wuce kima, sai ta koma guba.

BITAMIN A: IDON YARO DA RANSA

Kowa ya san dundumi. Yaro yana gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai ya fara lalube, ya yi tuntuɓe da turmi, ya kasa gane akushin tuwo. Wasu mata masu ciki ma suna yin shi. Dundumi shi ne alama ta farko ta rashin bitamin A.

In ba a yi magani ba, abin yana gaba. Farin ido ya bushe, ya daina ƙyalli. Wani farin abu kamar kumfar sabulu ya hito a gehen baƙin ido. Daga nan baƙin idon ya yi laushi, ya yi miki, ya fashe. Idon da ya kai nan ba ya dawowa. Saboda haka, yaron da ke dundumi, ko idonsa ya bushe, a kai shi likita ranar nan. Kada a jira ranar kasuwa.

Wa abin ya hi kamawa? Yaron da aka yaye ana ba shi kunu zalla. Yaro mai tamowa. Yaro mai yawan zawo. Sai kuma yaron da ya yi ƙyanda, wadda wasu ke kira dusa ko baƙon dauro. Ƙyanda tana cinye bitamin A na jiki da sauri. Shi ya sa yara da yawa suka makance bayan ƙyanda. Shi ya sa kuma a likita ake ba mai ƙyanda bitamin A ranar da aka kawo shi, a ƙara masa wanshekare.

Da daɗewa ana tsammanin aikin bitamin A ido ne kawai. Sai wani lokotoron ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, da abokan aikinsa suka yi gwaji a ƙasar Indunusiya, cikin ƙauyuka 450, bisa yara sama da 25.000. A wasu ƙauyukan an ba yara ƙwayar bitamin A, a wasu ba a ba su ba. An bayyana sakamako a 1986: inda aka ba da ƙwayar, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. An sake irin wannan gwaji kusa da mu, a Nabrongo, arewacin Gana, bisa yara kusan 22.000. A 1993 aka ga mutuwa ta ragu da kashi 19 cikin 100. A wasu wurare raguwar ba ta kai haka ba. Amma in an haɗa gwaje-gwajen duka, magana guda ce: a ƙasar da ake rashin bitamin A, ƙwayar nan tana ceton rai. Dalili kuwa, yaron da ke da isasshen bitamin A ya hi jure zawo da ƙyanda.

A nan Nijar, a 1997 aka haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakahin shan-inna. Ƙasarmu tana cikin ƙasashen Afirika na farko da suka yi haka. A 1999 aka ƙara wasu ranaku na musamman don yara su samu sau biyu a shekara.

Ga yadda hukumar lahiya ta duniya, wato OMS, ta tsara rabon:

1. Yaro daga wata 6 zuwa wata 11: ƙwaya shuɗiya, guda ɗaya.
2. Yaro daga wata 12 zuwa shekara 5: ƙwaya ja, guda ɗaya, kowane wata 4 zuwa 6.

Ma'aikacin lahiya yana yanke bakin ƙwayar, ya matsa man da ke ciki a bakin yaro. Domi ƙwaya guda take isa watanni? Saboda hanta ita ce rumbun bitamin A. Tana ajiyewa, tana ba jiki kaɗan-kaɗan, kamar yadda maigida ke hiddo damen hatsi daga rumbu. Bayan wata shida rumbun ya yi ƙasa, sai a sake cikawa. Wani yaro yakan yi amai ko ciwon kai bayan ya sha. Wannan yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Gargaɗi uku. Kada uwa ta kai yaro wuri biyu don a ba shi sau biyu. Rumbun da ya cika, in an ƙara tura masa, tsagewa yake. A sa a rubuta ranar da yaro ya sha cikin takardarsa ta awo. Kuma mace mai ciki, ko wadda ke tsammanin tana da ciki, kada ta sha jar ƙwayar nan ta yara. Bitamin A mai yawa yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Mai cikin da ke dundumi ta tahi awo, a can za a auna mata abin da ya dace da ita.

MAI CIKI DA ƘWAYAR ƘARIN JINI

Mace mai ciki tana yin jinin mutum biyu. Jini kuwa ba ya samuwa sai da sinadarin ƙarhe. Ƙarhe ba bitamin ba ne, amma shi ma kaɗan jiki ke bukata, kuma daga abinci yake zuwa. Zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa-kusa, duk suna rage jini.

Ga alamun ƙarancin jini: tahin hannu da halshe da cikin fatar ido su yi fari, gajiya ba dalili, jiri, haki in an ɗan yi tahiya ko daka. Macen da ta zo haihuwa da ƙarancin jini, zubar jini kaɗan tana iya kashe ta. Ɗanta kuma yakan zo ƙarami, ko ya zo kahin lokaci.

Ƙwayar da ake badawa a wurin awo ta haɗa abu biyu: ƙarhe da wani bitamin B mai suna asid folik. OMS ta ce mai ciki ta sha miligaram 30 zuwa 60 na ƙarhe da miligaram 0,4 na asid folik kowace rana, har ta haihu. Asid folik yana da wani aiki babba: yana taimakon ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi su haɗu daidai. Wannan haɗuwa tana faruwa cikin kwana 28 na farkon ciki. Ke nan ɓoye ciki har wata biyar ko shida asara ce. A tahi awo da wuri. Maigida, wannan nauyinka ne: ka ba ta izini, ka ba ta abin hawa.

Wasu mata suna barin shan ƙwayar saboda bayan-gidansu ya yi baƙi. Ba cuta ba ce, launin ƙarhen ne. Wasu suna jin tashin zuciya. Su sha bayan cin abinci, ko da dare za su kwanta. Wasu suna tsoron ɗa ya yi girma ya ƙi hita. Abin tsoro na gaskiya shi ne uwa ta zo naƙuda ba jini ba ƙarhi.

Kada a sha ƙwayar da shayi ko gahawa, suna hana ƙarhe shiga jini. Lemu da ruwan ɗan kuka kuwa suna taimaka masa shiga. A ɓoye ƙwayoyin inda hannun yara ba ya kaiwa. Yaron da ya haɗiye su da yawa yana iya mutuwa. In haka ta faru, a ruga da shi likita ko da bai nuna alamar komi ba.

ZINKI GA YARO MAI ZAWO

Akwai ƙwaya ta uku mai amfani tabbatacce. Tun 2004, OMS da UNICEF suka ce yaro mai zawo a ba shi abu biyu: ruwan gishiri da sukari na cikin ƙunshi, da ƙwayar zinki. Ruwan yana maida abin da jiki ya zubar. Zinki yana rage kwanakin zawo, yana kuma sa yaro ya yi wata biyu ko uku zawon bai yawan dawowa ba. Ana ba yaro miligaram 20 kowace rana, kwana 10 zuwa 14. Jinjirin da bai kai wata 6 ba, miligaram 10. Ko zawo ya tsaya a kwana na uku, a cika kwanakin. A ci gaba da ba shi nono da abinci.

MASU HANA TSATSAR JIKI

Yanzu mu zo ga wata kalma da ake ji a rediyo da bakin masu talla: antiyoksidan. Mi take nuhi?

Ka bar hauya cikin raɓa, ta yi tsatsa. Ka ɓare goro ka ajiye, wurin ɓarin ya canza launi. Ka bar man shanu a buɗe, ya yi ɗoyi. Duk aikin iska ne. Jikinmu ma da iskar da muke shaƙa yake ƙona abinci ya samu ƙarhi. Kamar yadda wutar murhu ke tartsatsi, haka wannan ƙuna ke hidda wasu ƴan abubuwa masu ɓata naman jiki a hankali. Hayaƙin taba yana ƙara su. Antiyoksidan su ne masu kashe wannan tartsatsi. Mu kira su masu hana tsatsar jiki. Jiki yana yin nasa da kansa, yana kuma samun wasu cikin abinci: bitamin C, bitamin E, da karoten, wato abin da ke ba karoti da mangwaro da kabewa launinsu.

Masana sun lura da cewa mutanen da ke yawan cin ganye da ɗiyan itace ba su cika ciwon zuciya da wasu irin ciwon daji ba. Sai suka yi tunani: in an tara abubuwan nan cikin ƙwaya, aka ba mutane da yawa, watakila a kori cututtukan. Tunani ne mai kyau, amma sai an gwada. Ga yadda ake gwaji: a raba mutane kashi-kashi da ƙuri'a, wasu su sha ƙwaya ta gaske, wasu su sha mai kama da ita wadda ba komi cikinta. Bayan shekaru a ƙidaya waɗanda suka kamu da cuta.

A ƙasar Finlanda an gwada bisa maza 29.000 masu shan taba, shekara 5 zuwa 8. An bayyana sakamako a 1994. Waɗanda suka sha ƙwayar karoten, ciwon dajin huhu ya ƙaru gare su da kashi 18 cikin 100.

A Amurka an gwada karoten haɗe da bitamin A bisa mutane 18.000, yawancinsu masu shan taba ne ko waɗanda suka taɓa sha. Ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 28 cikin 100. Dole aka tsaida gwajin a 1996 kahin lokacinsa.

An kuma gwada bitamin E bisa maza 35.000 a Amurka da Kanada, da fatan ya tsare su daga ciwon dajin furostat, wato ƙullutun da ke gindin mahitsarar namiji. A 2011 aka ga cutar ta ƙaru da kashi 17 cikin 100 ga waɗanda suka sha shi.

A 2012 wasu masana suka tara gwaje-gwaje 78 da aka yi bisa mutane kusan 300.000. Ba su ga ƙwayoyin nan sun ƙara wa kowa kwana ba. Ga karoten da bitamin E ma, mutuwa ta ɗan ƙaru.

Wani zai ce: yaya bitamin A ya ceci yaran Gana, amma ɗan'uwansa ya cuci mutanen Finlanda? Manomi ya san amsar. Gonar da ta gaji, in ka zuba mata taki, hatsi ya yi kyau. Amma ka ɗebi takin zamani cike da hannu ka zuba a gindin shuka ɗaya, sai ta ƙone. Yaran Gana jikinsu ya rasa, aka cike musu giɓi. Mutanen Finlanda ba su rasa ba, aka yi ta ɗura musu kullum, hiye da abin da abinci ke badawa nesa ba kusa ba.

Kada wannan ya sa a ji tsoron mangwaro ko karoti. Karoten na cikin abinci ba ya cutarwa. Jiki yana ɗaukar abin da yake so, ya maida shi bitamin A. Kuma cikin ganye da ɗan itace akwai abubuwa ɗaruruwa da ke aiki tare. Ba a iya tara su cikin ƙwaya guda ba. Mai shan taba kuwa, ba ƙwayar da za ta wanke masa huhu. Maganinsa guda ne: ya bar taba.

ƘWAYOYIN KASUWA

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Ƙwayar da aka ƙulla cikin leda, ba suna, ba ranar lalacewa, ba wanda ya san abin da ke cikinta, har mai saida ta. Ta sha rana, ta sha ƙura, zahi kuwa yana kashe bitamin. A 2017 OMS ta ce cikin magani 10 da ake saidawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarhi, kusan guda jabu ne ko maras inganci.

Akwai wadda ta hi wannan muni. Wasu ƙwayoyin ƙiba da ake saida wa mata da ƴanmata da sunan bitamin, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe, ba bitamin ba ne ko kaɗan. Da yawa cikinsu wani magani ne mai ƙarhi, deksametazon, wanda lokotoro ke badawa ga wasu cututtuka na musamman. Mai shan shi kullum huskarta ta kumbura, cikinta ya yi girma, a ce ta yi kyau. Kumburi ne da kitsen cuta. Bayansa akwai hawan jini, ciwon sukari, gyambon ciki, raunin ƙashi, da jikin da ba ya iya yaƙar cuta. Wadda ta daɗe tana sha, kada ta bari rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ta tahi likita ta faɗi gaskiya, a rage mata a hankali.

Haɗari na uku shi ne jinkiri. Mutum na ramewa, yana tari, yana jin kasala, sai ya sayi bitamin ya yi ta sha. Alhali tarin huka ne, ko ciwon sukari, ko tsutsar ciki. Kahin ya je likita cuta ta ci ƙarhinsa. Gajiyar da ta ƙi wucewa, awo take so.

Mu yi lissahi kuma. Jika guda da aka ba mai talla, nawa za ta saya na ƙwai, da hanta, da ganye, da mangwaro? Gida duka zai ci.

TUKUNYA DA GARKA

Ƙwayar bitamin A sau biyu take zuwa a shekara. Tukunya kuwa kullum tana bisa murhu. Allah ya hore muna abubuwa da yawa a ƙasarmu:

Don bitamin A: hanta, ƙwai, madara da man shanu, manja, mangwaro nunanne, gwanda, kabewa, karoti, dankali mai jan ciki, da koren ganye kamar zogala, alayyahu, rama, yakuwa, lalo, tafasa, ganyen wake da ganyen kuka.
Don bitamin C: ɗan kuka, gwaba, lemu, tumatir, magarya. Garin ɗan kuka ya hi lemun zaƙi bitamin C.
Don ƙarhe: hanta, nama, kihi, fara, wake, hatsi, kalwa da koren ganye.
Don bitamin E: gujiya, riɗi da mansu.

OMS ta ce babban mutum ya ci garam 400 na ganye da kayan garka da ɗiyan itace kowace rana. Kamar cikin hannu biyar ke nan. Wanda bai samu biyar ba, ya fara da biyu.

Ga wasu dabaru na girki:

1. A sa ɗan mai, ko ƙuli-ƙuli, ko dakakkiyar gujiya cikin ganye. Ba tare da mai ba, karoten ba ya shiga jiki sosai. Kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli abinci ne na ƙwarai.
2. A wanke ganye kahin a yanka, ba bayan an yanka ba.
3. Kada a bar ganye bisa wuta har ya yi baƙi. Dahuwa mai tsawo tana kashe bitamin C. Yawan kanwa ma haka.
4. A shanya ganye a inuwa, inda iska ke bugawa. Rana tana cinye karoten. Ganyen da ya bushe yana kore ya hi wanda ya koɗe. A ajiye cikin tulu ko buhu a ruhe.
5. Lokacin da mangwaro ya yi araha, a ba yara su ci kullum. Hantarsu za ta yi ajiya. Wanda ya rage a yanka a shanya.
6. In za a sayi man girki na gwangwani ko na jarka, a duba alamar ENRICHI. Tana nuna an ƙara masa bitamin A.

Jinjiri kuwa, bitamin nasa na farko yana cikin nonon uwa. Dakashi, nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, cike yake da bitamin A da abubuwan tsare jiki. Kada a matse shi a zubar. A sa jinjiri a nono cikin awa ta farko. Nono zalla har wata 6. Daga nan a fara kunu mai gujiya, da garin wake, da ƙwai, da garin zogala, ana ci gaba da nono har shekara 2. Wasu na cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata. Ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Ido yake tsarewa, jiki yake ginawa. In an yanka dabba, a tuna da yara da mai shayarwa a rabon hanta.

Lokacin wahala shi ne rani da bazara, sa'ad da ɗanyen haki ya ƙare. Bayan farin 1984 hukuma ta ƙarfafa noman rani ko'ina cikin ƙasa, garake suka yawaita a fadamu da bakin tabkuna da rijiyoyi. Mai garka, kada ka kai duka kasuwa, ka ware na gida. Wanda ba shi da fadama ya dasa zogala biyu ko uku a bayan ɗaki, inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke zuba, ya kange su daga awaki. Cikin ƴan watanni za a fara tsinkar ganye.

ABIN DA ZA MU RIƘE

1. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ya samu bitamin A sau biyu a shekara, daga hannun ma'aikacin lahiya.
2. Dundumi, bushewar ido, ƙyanda: a tahi likita ranar nan.
3. Mai ciki ta fara awo da wuri, ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum.
4. Yaro mai zawo: ruwan gishiri da sukari, da zinki kwana 10 zuwa 14.
5. Babba mai lahiya, mai cin abinci iri-iri, ba ya bukatar ƙwayar hana tsatsar jiki. Mai shan taba ya nisanci ƙwayar karoten.
6. Kada a sayi ƙwaya a faranti ko a tabarma. In lokotoro ya rubuta maka bitamin saboda wata cuta, ka sha yadda ya ce, ba ƙari ba ragi.

MU TATTAUNA A MAKARANTA

Yara nawa ne a garinmu ba su samu bitamin A ba a zagayen da ya wuce? Mi ya hana su?
Wane wata ne ganye ke ƙarewa a garinmu? Mi za mu shanya tun da kaka?
Mata nawa ne ke fara awo kahin ciki ya kai wata huɗu?
Ina za mu iya dasa zogala, kuma wa zai kula da ban-ruwa?

Kai da ka iya karatu, ka karanta wa maƙwabcinka. Ke da kika iya, ki karanta wa mata a wurin daka da wurin suna. Ku duba takardun awo na ɗiyanku yau, ku ga ranar da aka ba su bitamin A. In wata shida ya wuce, ku kai su likita.